Yadda na kai kalangun Baba Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na gyara rediyo ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zauna bencin shagona tambayarsa ɗaya: "Sanusi, wai mi ka koyo can?" Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji mai shayin kusa da ni yana gaya wa wani wai na haɗa injin da ke yi wa mahauta kirari da Faransanci. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata gyaran rediyo da lasifika a kasuwar Isa. Mahaifina makaɗin kalangu ne, tun yana saurayi yake yi wa mahauta kiɗa. Damina biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Kalangu kuwa aikin hannu biyu ne: dama na bugu, hagu na matse igiyoyin fata a ƙarƙashin hammata, murya ta hau ko ta sauka. Da matsin nan kalangu ke magana. Hannun Baba na dama lafiyarsa lau, har yanzu in yana zaune za ka ga yatsunsa na buga gwiwarsa. Amma kalangun na rataye jikin bango, shi kuma ya rage magana, ya rage fita.

Akwai wani abokina Isuhu, ma'aikacin wani ƙaramin gidan rediyo a Maraɗi, da ke zuwa wurina neman kayan gyara. Na gaya masa tunanina: in samu abin da Baba zai buga da hannu ɗaya, muryar kalangu ta fito hawa-hawa. Har na riga na farke wani tsohon allon rubutu na kwamfuta, na zaɓi maɓalli huɗu, na ɗora wa kowanne ɗan faifan katako da fata. Abin da ban iya ba shi ne cikin kwamfutar. Isuhu ya ce za a yi horon mako ɗaya a garinsu kan wata manhaja ta kyauta da ake haɗa sauti da ita, ba a rubuta dogon bayani, akwatuna ake zanawa a haɗa su da zare. Ya ce in zo, ɗakin baƙinsa na nan.

Da na gaya wa Baba, ya ɗaga ido ya dubi bango. Sai ya ce, "To in za ka, tahi da shi." Ya nuna kalangun da haɓa. "Kak ka bari su kwaikwayi abin da ba su taɓa gani ba."

Kun san halin hanyarmu, ba a fita sai rana ta ɗaga kuma motoci sun taru. Na shiga ƙaramar bas zuwa Sabon Birni, jaka a baya, kalangu cikin tsohon zane. Direba ya so ya cusa shi a baya ƙarƙashin buhunan gero, na ce sam. Muna cikin ja-in-ja wani dattijo Bafulatani mutumin Kurawa ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗora kan cinyarsa, ya ce shi ba ya da kaya sai maganin tumaki a aljihu. Har muka isa yana rungume da shi, in mota ta faɗa rami sai ya ɗaga shi sama. Bai tambaye ni komai ba sai da za mu rabu, ya ce, "Mai shi na da rai?" Na ce yana da rai. Ya ce, "To madalla," ya juya ya tafi.

Daga Sabon Birni babur na hau zuwa iyaka. Hanyar yashi ce, mun faɗi sau ɗaya, faɗuwa mai taushi, babu abin da ya samu kowa sai hulata da ta cika da ƙasa. A wajenmu ba a tsayar da ni da yawa ba. A wajen Nijar ne wani jandarma ya buɗe jakata ya ga katako da wayoyi suna leƙowa, fuskarsa ta canza. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na ga irin wannan a jakar baƙo da na ja baya. Ya ce, "Mine ne wanga?" Na fara bayani, ina ƙara bayani yana ƙara ɗaure fuska. Da na ga haka na kwance zanen na nuna masa kalangu, na ce ɗan makaɗi ne ni.

Ya ce, "Ɗan makaɗi? To kaɗa mu ji."

Gaskiyar da ban taɓa ɓoyewa ba ita ce ban gaji Baba ba. Na rataya, na buga iyakar iyawata. Jandarman ya saurara, ya kira abokin aikinsa shi ma ya saurara, sannan suka fashe da dariya. Ya ce, "Lalle dole ka nemi inji. Wuce, Allah shi ba tsoho lahiya." Ya maido mini katin shaidata, har ya nuna mini inda motar Gidan Rumji ke lodi.

Daga Gidan Rumji kwalta ce sumul har Maraɗi. Mun ratsa Tsibiri, garin da tun ina yaro nake jin tsofaffi na ambata in ana maganar asalinmu. Na yi ta leƙe ta taga ina neman abin mamaki, sai na ga masu tallar rake da masu faci irin namu. La'asar muka shiga gari, Isuhu na jirana a tasha.

Gidan Isuhu ɗaki uku ne da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Maiɗakinsa Zainabu ta aiko da dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, an zuba mai da yaji daidai, na ci har na ji kunya. Da safe kuwa aka kawo wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi, da kofin kafe da madara. Na gatsa, dasashina ya ce bai yarda ba. Isuhu ya nuna mini a tsoma ake yi. Kwana biyu na saba, har na sayo guda na kawo gida, ya iso Isa ya zama katako.

Hausarsu tamu ce, sai dai sun cusa mata Faransanci yadda mu muka cusa Turanci. Wutar lantarki kuran ce, makaranta lakwal, kwamfuta ordinatar. Kuma a can in an ce dala ana nufin biyar na kuɗinsu, mai burodi ne ya koya mini wannan a safiyar farko. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Da an yi azahar sai gari ya kwanta, ofis a rufe, shago a rufe, sai wajen ƙarfe uku a sake buɗewa. Na ce wa Isuhu a Isa in ka yi haka maƙwabcinka ya kwashe masu cinikinka. Ya ce, "To ai shi ma maƙwabcin barci shikai."

Ɗakin horon na wata cibiyar matasa ne, mu goma sha biyu, mafi yawa ma'aikatan rediyo, da mata biyu masu waƙa. Mai koyarwa Malama Ramatu ce, Bazabarmiya daga Yamai, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Tana ganin tsagen fuskata ta tafa hannu ta ce, "Ga Bagobiri ya zo, kowa ya ɓoye abincinsa!" Na ce, "Malama, ai mun ji yunwa ce ta koro ki daga Yamai." Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Daga nan muka shirya. Tana koyarwa da Faransanci da Hausa mai ɗingishi, inda ta maƙale Isuhu ya fassara mini.

Ranar farko ban yi komai ba sai kuskure. Bakin cajar kwamfutata mai ƙafa uku ne, ramin bangonsu kuwa biyu ne zagayayyu, sai aka ba ni kwamfutarsu. Allon rubutun tasu ma an juya haruffa, in na nemi A sai in samu Q. Amma kafin a tashi na zana akwati, na ja zare zuwa wani akwatin, lasifika ta yi ƙara fiii. Abin ya yi kama da aikina, waya daga nan zuwa can, sai dai babu ƙonewar yatsa.

Rana ta biyu muka ɗauki muryar kalangun Baba, bugu ɗaya tak, a ɗan ɗaki mai labule. Malama ta nuna mini in aka ƙara wa bugun gudu muryarsa na sirancewa, in aka rage gudu ta yi kauri. Na haɗa akwatunan da ke jiran maɓalli ɗaya su fitar da bugun. Da ya yi aiki sai na kwafe tulin duka sau huɗu, ina shiga kowanne ina canza lambobi da hannu. Fuskar kwamfutar ta koma kamar kwandon wayoyin da ke bayan shagona.

Malama ta tsaya bayana ta ce, "In ka tashi gyara abu ɗaya, sau nawa za ka gyara?" Na ce sau huɗu. Ta ce, "To gina shi sau ɗaya." Ta sa na ajiye tuli ɗaya da suna ganga. Daga nan duk inda na buɗe sabon akwati na rubuta ganga, tulin gaba ɗaya na cikinsa a ɓoye. Bayan sunan sai in rubuta lambobi biyu, ta maɓalli da ta tsayin murya. Ta faɗi sunan lambobin nan da Faransanci, Isuhu ya yi tunani ya ce, "Ka ɗauke su guzuri. Abin da kab ba akwati ya shigo duniya da shi." Sunan ya bi su har ƙarshen mako, Malama ma ta ɗauka.

Saura a gaya wa cikin tulin inda zai sa guzurin. Malama ta yi magana, Isuhu ya ce, "Ta ce inda lambar maɓalli take, ka goge ka sa dala ɗaya." Ni kuwa darasin mai burodi na nan a kaina, na goge na rubuta 5. Malama ta duba, ta cire tabarau, ta yi dariya har ta dafa tebur. Ashe alamar dalar Amurka take nufi, a rubuta ta da lamba a gabanta, $1. Ba ruwanta da kuɗi. Gurbi ne kawai: $1 na nufin guzuri na farko ya zauna nan, $2 na biyu. Na gyara, na kira ganga sau huɗu kowace da nata guzurin, muryoyi huɗu suka fito daga tuli ɗaya. Har aka gama horo ana kirana Mai Biyar.

Rana ta uku ce ta yi mini wuya. Muryoyi huɗu a tsaye ba kalangu ba ne, kalangu zamewa yake yi daga murya zuwa murya. Akwai akwatin da ke jan lamba a hankali, amma sai an aika masa saƙo: je ka lamba kaza cikin lokaci kaza. A manhajar nan akwatuna iri biyu ne, akwatin aiki mai kusurwa huɗu, da akwatin saƙo wanda gefensa na dama a lotse yake. Na buɗe akwatin saƙo na rubuta $2, tunda tsayin murya shi ne guzuri na biyu. Na danna maɓalli. Shiru, sai jan rubutu a gefe yana cewa akwai kuskure. Na goge, na sake, na kashe kwamfuta na kunna. Haka na yi tun safe har azahar.

Kowa ya tafi hutun rana, na yi salla na dawo na zauna ni kaɗai. A nan ne raina ya ɓaci. Na rufe shago mako guda, na ɗauko kalangun tsoho na ƙetare iyaka da shi, kuma na san ko bai faɗa ba yana jira. Na fara shirya abin da za ni ce masa in na koma da muryoyi huɗu busassu.

Malama ta dawo da wuri, da ledar gyaɗa a hannu. Ta zuba mini rabi, ta duba abin da na yi, ba ta taɓa komai ba. Ta ce, "Babanka, in mahauci ya zo wucewa, yaya yake masa kiɗa?" Na ce akwai taken da kowa ya sani, da wuri a ciki inda yake jefa sunan wanda ya zo, yanzu wannan, anjima wancan. Ta ce, "Kai kuma sunanka, kullum ake sake maka?" Na ce a'a, ranar suna aka raɗa mini. Ta ce, "To dalar da ke cikin akwatin aiki irin sunanka ce. Sau ɗaya ake cika ta, lokacin da aka kira ganga, daga guzuri. Dalar da ke cikin akwatin saƙo ba ta san guzuri ba sam. Tana jiran abin da zai shigo ta zare ne, duk abin da ya zo shi za ta ɗauka. Kai ka tambaye ta abu na biyu, alhali babu abin da ya shigo mata sai bugun maɓalli."

Na sake duba akwatunan. Sai na buɗe akwatin aiki mai riƙe lamba, na sa masa $2, na ja zare daga gare shi zuwa akwatin saƙon. Hannuna ya tafi zai sake rubuta $2 a saƙon, na tsaya. Lambar ta biyu ce a guzuri, amma ta zaren nan ita kaɗai za ta shigo, ita ce ta farko. Na rubuta $1, da ɗan lokacin zamewa a gabanta. Na danna. Bugun ya fito ya lanƙwasa sama, kamar an matse hammata. Na danna ya fi sau ashirin. Malama ta ce, "Ashe Bagobiri na ganewa in an ba shi gyaɗa."

Rana ta huɗu wata matsala ta fito. Don in rage zare, na yi amfani da akwatunan da ke aika lamba ta suna ba tare da zare ba, na sa wa hanyar suna tsayi. Da na buga maɓalli ɗaya sai gangunan huɗu duk su karɓi lambar, muryoyin su koma iri ɗaya. Wannan karon Isuhu ne ya gane, don shi ma ya faɗa ramin da safe. Ya ce, "Ka tsaya tsakiyar kasuwa ka kira Muhammadu, mutum nawa za su waiwayo?" Maganin shi ne $0. Ita ba guzuri ba ce, lamba ce da manhajar ke ba kowane kwafi tasa shi kaɗai. Na mayar da sunan $0-tsayi, kowace ganga ta koma jin nata kiran. Na gwada sa ta cikin akwatin saƙo don in gani, ba ta yi ba, Malama ta ce a can ba ta aiki, sai an ɗauko ta da akwatin aiki an miƙa.

Ranar ƙarshe kowa ya nuna aikinsa. Matan nan biyu sun haɗa abin da ke maimaita muryarsu har ta zama kamar ta mutum shida. Ni na buga katakona, aka tafa, Malama ta ce injin ya yi kyau, makaɗin ne dai a canza. Zainabu ta ɗaure mini kilishi, Isuhu ya raka ni tasha. A iyaka ban tarar da jandarman nan ba, wanda na samu bai ko buɗe jakar ba.

Na iso Isa da la'asar, amma sai da safe na shimfiɗa tabarma a zaure, na jona kwamfuta da ƙaramar lasifika, na ajiye katakon gaban Baba. Ya fara karɓar kalangunsa ya duba fatar ko ta ji rauni. Sannan ya taɓa faifai na farko da yatsa, ya taɓa na biyu. Ya ce, "Wanga ba kalangu ba ne."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Na ukku ya yi tsauri. Sassauta mai." Na canza lamba ɗaya a guzurinsa. Ya buga. "Ƙara kaɗan." Na ƙara. Ya ce in miƙo masa sandar kiɗa. Ya gyara zama, ya fara a hankali, yana tuntuɓe, yana komawa. Can sai na ji abin da na sani tun ina goye, taken mahauta ya fito, ba cikakke ba, amma ana gane maganarsa.

Maƙwabcinmu Mamman, mahauci ne sa'an Baba, yana bayan katanga yana wasa wuƙa. Sai ga shi a ƙofar zaure, wuƙar na hannunsa, ko takalmi bai sa ba. Ya ce, "Wa ka kirana?" Ya dubi Baba, ya dubi katakon, ya dubi kalangun da ke ajiye gefe. Baba ya sake buga taken. Mamman ya ɗaga wuƙar sama ya amsa kirarinsa da ƙarfi, har mata suka leƙo daga cikin gida.

Da suka lafa Baba ya ce, "Akwai murya guda da babu. Ta ƙasa, wadda nika rufewa da ita." Maɓalli huɗu na tanada, amma akwai na biyar a jikin allon da ban ɗora wa katako ba. Na buɗe sabon akwati, na rubuta ganga da lambobi biyu. Kafin Mamman ya gama shan ruwan da aka kawo masa, murya ta biyar ta fito. Baba ya danna ta da babban yatsa, ya saurara, ya gyaɗa kai.

Ya ce ranar kasuwa in rufe shago da hantsi, in zo da batir mai ƙarfi, za shi rumfar mahauta. Na ce to wa zai ɗauki tebur da lasifika, ga shi ni Baba za ni riƙe a hanya?

Mamman ya ce, "Ni."